Rariyar Gidan Damo

A cikin shekarun da na yi ina walda a Kazaure, akwai rana guda da ba ta taɓa fita daga raina ba. Talata ce da hantsi, 'yan kwanaki bayan ƙaramar sallah. Ina durƙushe a ƙofar shagona ina haɗa wata 'yar ragar ƙarfe da ba ta fi faifai faɗi ba, sai inuwar mutum ta tsaya a kaina. Na ɗaga gilashin fuska. Abba ne, babban ɗan Malam Modu magini. Ashe tun daga nesa ya kashe babur ɗinsa ya turo shi da hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, “Yaya jikin bawan nawa?” domin haka nake kiran mahaifinsa tun kafin a haife shi.

Ya ce, “Baba, sai dai haƙuri. Ya cika ɗazun nan. Bayan azahar za a kai shi.”

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kashe inji, na ɗora ragar a kan benci da sauran zafinta, na shiga ciki na sake riga. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka shigo sana'a a bayanmu, magina da masu walda, ku san dalilin ragar nan, ku kuma san irin mutumin da na yi aiki da shi.

Sunana Buba. Iyayena makiyaya ne daga wajen Gwiwa, ni ne na bar shanu na kama ƙarfe. Shi kuwa Malam Modu Babarbare ne, kakansa ya zo daga gabas da fatauci ya zauna. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari: kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Mu namu ya ɗan wuce na kowa, saboda aiki ya haɗa mu. Ga wanda bai san gini ba, tsarin haka yake: magini ya tayar da bango ya bar gurbin ƙofa da taga, mai walda ya zo ya auna ya haɗa ƙarfe, sannan magini ya dawo ya kama ƙarfen da siminti. Duk abin da na haɗa ba ya tsayawa sai Modu ya kama shi. Shi ma ɗakinsa ba ya rufuwa sai na kawo ƙofa. Haka muka zagaya Kazaure da Roni da Babura, muna aiki muna zagin juna, har gemunmu ya yi fari.

A watan Oktoban da ya gabaci rasuwarsa, ana cikin yankan gero, Alhaji Isiyaku ya aiko a kira mu. Tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin magana. Muka same shi a bayan gidansa, inda yake da fili babba a gindin dutse, ya kafa turaku ya ja igiya. Wurin ya kai girman ɗaki da falo.

Modu ya ce, “Alhaji, amarya za a yi ne ba mu ji ba?”

Alhaji ya yi murmushi ya ce, “Kansila za a yi wa gida.”

Ya kai mu sito, ya ɗaga wani buhu. Sai ga damo kwance, ƙato, tsawonsa ya kai hannun mutum daga kafaɗa, ƙarshen jelarsa a guntule. Ya ɗago kai ya zaro harshe ya dube mu kamar mun zo roƙon aiki. Alhaji ya ce shekara biyu da suka wuce ya ƙwace shi daga bakin karnukan mafarauta a gonarsa ta hanyar Roni, ya yi jinyarsa, dabbar ta saba da shi har tana cin fara daga hannunsa. Ya sa masa suna Kansila ne domin 'yan watanni ake ganinsa yana yawo yana ci yana ƙiba, daga nan ya lafe sai kuma wata shekara. Matsalar ita ce Kansila ya gano inda kajin Hajiya suke ƙwai. Hajiya kuwa, uwargidan Alhaji, ta yanke hukunci: ko a yi masa wurinsa, ko ta aika a kira mafarautan su ƙarasa aikinsu.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni dai ban taɓa yi wa ƙadangare ƙofa ba.”

Modu ya ce, “Bar shi, Alhaji. Ni na gina wa Fulani gidaje da yawa, damo ba zai gagare ni ba. Ko ba komai, shi in an gina masa yana zama a ciki.”

Na riƙe wannan maganar. Ban san zan more ta wata da watanni ba.

Zan faɗi yadda aka yi aikin, domin wata rana wani zai iya kawo muku irinsa. Damo yana da hanyar gudu guda biyu: ya haƙa ƙasa ko ya hau bango. Modu ya yi tunanin duka biyun. Ya sa leburori suka haƙa harsashi har ƙirjin mutum, sai da diga ya fara ƙara a kan dutse, sannan ya tayar da bulo daga can. Bangon ya kawo shi kafaɗa. Ta ciki ya yi masa shafe sumul kamar cikin kwano, yadda farce ba zai sami abin kamawa ba. Ƙasan wurin kuwa ya ce ba za a yi daɓe ba, a bar shi turɓaya, har ya sa aka ƙara yashi, domin dabbar da ta saba haƙa idan ta rasa inda za ta haƙa sai ta lalace. A kusurwa ɗaya ya tara manyan duwatsu da aka gangaro daga tsauni, ya kifa tsohuwar randa a tsakiya ya yi mata ƙofa. A ɗaya kusurwar ya yi ɗan kwarmin ruwa da siminti. Ni kuma na ɗora ƙarfe a kan bangon na ja raga har sama, na haɗa ƙofa mai sakata biyu. Alhaji ya shimfiɗa zana a rabin rufin saboda inuwa.

Mutanen unguwa sun yi kallo. Wani ya ce ɗakin da yake haya bai kai wannan ba. Modu yana kan bango da cokalin gini a hannu ya ce masa, “To ka koyi cin fara, sai mu yi maka magana.”

A tsakiyar Nuwamba aka yi tarewa. Alhaji ya ɗauko Kansila a cikin buhu ya juye shi a kan yashi. Ya zagaya wurin a hankali, ya gwada bango ya zame, ya sake gwadawa ya sake zamewa. Modu ya dube ni ya ce, “Ka gani? Ko kakanka ba zai fita daga nan ba.”

Ba a yi sati biyu ba Alhaji ya kira mu a waya. Ya ce Kansila ba ya nan.

Muka je muka duba. Ƙofa a rufe, raga ba ta yage ba, randa babu kowa. Muka leƙa tsakanin duwatsu ba mu ga bakin rami ba. Ina zagayawa ta baya, wajen da ƙasa ta gangara, sai na tsaya. A gindin bango, bayan wani kututture da aka jingina, ga kafa nan a buɗe, faɗin rabin bulo.

Ku magina kun san ta. Rariya ce, kafar da ake bari a ƙasan katanga domin ruwan sama ya fita. Babu maginin kirki a ƙasar nan da zai zagaye fili da bango bai bar ta ba. Ba ma tunaninta ake yi ba, hannu ne yake yi da kansa: an zo wajen gangare, an tsallake rabin bulo, an ci gaba. Mutumin da ya haƙa ƙasa har dutse, ya goge bango kamar madubi, shi ne ya bar wa fursunansa ƙofar baya.

Na kira shi na ce, “Bawana, zo ka ga wani abu.”

Ya zo ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon kafar nan. Ya cusa hannu ya zaro. Sannan ya ce, “Ba zai wuce ta nan ba. Ya yi ƙiba.”

Na ce, “Ai kai ka ce in an gina masa yana zama a ciki.”

Alhaji ya tsaya da 'yar robar fara a hannu yana kallon tsauni. Wannan ne ya sa dariyata ta tsaya a ranar. Amma a wurin mai shayin da muke zama da safe, inda magina da kafintoci da direbobi suke haɗuwa, ban raga masa ba. Kafin sati ya zagayo sunansa ya koma Injiniyan Rariya. Idan ya zo sai wani ya ce a rufe gwangwanin madara kada ta bi ta rariya. Daga baya wani ya kawo labarin cewa an ga mafarauta sun sauko daga dutse da damo mai ƙiba a rataye. Ba wanda ya ga jelar, amma kowa ya ce shi ne.

Modu ya tsaya a kan bakansa. Ya ce kowa ya san damo yana shiga ƙasa idan rani ya kama, ba ci ba sha, sai ruwa ya sauka. A sito ya rasa inda zai haƙa ne shi ya sa ake ganinsa a bayan buhu. Yanzu ya sami yashi ya nutse a ƙarƙashin duwatsu, bakin ramin ya rufta. Na ce lallai ya nutse, amma a cikin tukunyar wani. Nan aka ƙulla sharaɗi a gaban jama'a, aka sa Alhaji ya zama alƙali. Idan ruwa ya sauka Kansila bai fito ba, Modu zai miƙe a wurin mai shayi ya ce “Bafulatani ne ubangidana” sau uku. Idan ya fito a cikin gidansa, ni zan miƙe in ce “Babarbare ne ubangidana” sau uku.

Rariyar kuwa, Alhaji ya ce a toshe ta da siminti. Modu ya ƙi. Ya ce in aka toshe, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi wurin zai zama tafki, abin da ke ƙasa ya mutu, harsashi ma ya jiƙa. Ya gangaro dutse ya tokare bakin kafar na wucin gadi, ya ce in haɗa masa 'yar raga ya kama ta kafin damina, ruwa ya wuce, damo ya tsaya. Na ce ba na yi wa kango raga.

Da watanni suka ja, Hajiya ta kawo shawara mai ma'ana. Ga wuri an kashe masa dukiya, ga bango ga raga, shaho ba ya shiga, muzuru ba ya shiga, babu kowa a ciki. A yi daɓe da siminti ta zuba kaji. Alhaji ya kira Modu ya gaya masa. Ina wurin.

Modu ya ce, “Alhaji, ka yi mini rai. In yana ƙasa na zuba siminti, na binne shi da ransa. A jira ruwan farko.”

Alhaji ya ce, “Malam Modu, ni na fi kowa son ya kasance yana nan. Amma uwargida da gaskiyarta.”

Modu ya ce, “To a bari azumi ya wuce.”

Aka bar shi a haka. A cikin azumin ne ciwon ƙirji ya kwantar da Modu. Na je duba shi ranar sallah da yamma. Yana kishingiɗe a zaure, ya rame, amma bakin yana nan.

Ya ce, “Ɗan Fulani, ka zo gaida ubangidanka hannu rabbana? Ko ƙwaryar nono babu?”

Na ce, “Bawa ba ya cin abinci sai ya yi aiki. Tashi ka ɗauki cokalinka.”

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, “Ka haɗa ragar?”

Na matsa kusa na ce, “Modu, tsakaninka da Allah, babu kowa a nan. Ka tabbata yana ciki?”

Ya ce, “Da na tabbata ai da ban bar ka ka sha iska ba. Ban sani ba, Buba. Amma tunda ban sani ba, ba zan zuba siminti a kansa ba. Ka haɗa ragar, in na tashi in kama ta.”

Ita ce nake haɗawa ranar da Abba ya turo babur ɗinsa.

Ba zan yi dogon bayani a kan jana'iza ba. An yi jama'a. Na ga mutanen da suka zo daga Babura da Yankwashi, kowa yana cewa ɗakin da yake kwana a ciki shi ya gina. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan an share makoki Alhaji ya kira ni. Ya ce ya yi magana da wani magini, za a yi daɓen. Amma akwai tsarin aiki. Kaji suna buƙatar akurkin ƙarfe da sandunan da za su riƙa hawa, kuma ƙafafunsu dole a kafa su a ƙasa tukuna, sannan a zuba siminti ya kama su. Ma'ana magini ba zai taɓa wurin ba sai na kawo ƙarfe. Na auna, na ce, “Gobe in sha Allah.”

Ku yara kun san abin da mutane suke faɗa a kanmu masu sana'ar hannu, cewa gobenmu ba ta zuwa. Ni duk rayuwata ina ƙin wannan suna. Amma a wannan bazarar babu irin goben da ban yi ba. Na ce babu wuta, kuma Allah ya taimake ni yawanci gaskiya ne. Na ce janareto ya ƙi tashi. Na ce ƙarfen da nake so sai an kawo daga Kano. Na ce awon da na yi ya ɓace mini, na koma na sake aunawa a hankali kamar mai auna zinariya. Na tafi ɗaurin aure Babura, na mutumin da ko sunan ubansa ban sani ba.

Wata rana Alhaji ya zo shagon da kansa. Ga wuta an kawo, ga ƙarfe jingine, ga ni zaune. Ya sami benci ya zauna kusa da ragar nan.

Ya ce, “Malam Buba, tun ina aiki kake yi mini ƙofa da taga. Ba ka taɓa ce mini gobe sau biyu ba.”

Na sunkuyar da kai.

“Ka yarda yana ciki ke nan?”

Na ce, “Ban yarda ba, ranka ya daɗe. Ni a ganina an cinye shi tun da sanyi.”

“To mene ne?”

“Shi ya ce a jira ruwa. Yanzu kuma ba ya nan balle ya sake faɗa.”

Alhaji ya ɗauki ragar ya jujjuya ta, ya ajiye. Can ya ce, “To shi ke nan. Ka ci gaba da ce mini gobe. Amma in ka zo gida ka riƙa ɗaga murya yadda za a ji daga ciki.”

Haka muka yi. In tsaya a ƙofar gida in ce da ƙarfi, “Wallahi Alhaji injin ne!” shi kuma ya ce da ƙarfi, “Kai masu walda ba ku da alkawari!” Sannan ya miƙo mini ruwan sanyi.

A ƙarshen Mayu hadari ya haɗu da la'asar, aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi. Washegari na je, jibi na koma. Yashin gidan Kansila yana nan yadda yake, babu sawu babu rami. Wa'adin da Modu ya roƙa ya cika. Ba ni da sauran abin faɗa. Na haɗa ƙarafunan a yini ɗaya na ɗora su a keke mai ƙafa uku na kai. Buhunan siminti suna jibge a zaure, magini zai zo da safe.

Ina sauke kaya sai na ji muryar Hajiya daga bayan ƙyaure.

“Malam Buba, yau injin ya tashi?”

Na ce, “Ya tashi, Hajiya. A yi mini afuwa.”

Ta ce, “Kai da Alhaji kun ɗauka ni kurma ce ko yarinya. Mutum yana ƙarya yana ihu kamar mai tallan magani.” Sannan ta ce, “Alhaji, kai ne malamin gona. Wannan ruwan na shekaranjiya, akwai wanda ya yi shuka da shi?”

Alhaji ya ce, “Babu. Ko ɗan yatsa bai jiƙa ba.”

Ta ce, “To ni a gidanmu ba a kiran wannan ruwan farko. Marigayi ruwa ya ce, bai ce yayyafi ba. A gaya wa maginin ya dakata sai an yi na shuka. Kajina ba su ce suna sauri ba.”

Na shuka ya zo bayan kamar mako guda, da rana tsaka, da iska da tsawa. Ina shago na tuna dutsen da Modu ya tokare rariya da shi. Na ɗauki ragar na cusa a riga na hau babur a cikin ruwan. Kafin in isa ruwan da ke gangarowa daga tsauni ya taru a cikin wurin har ya rufe idon sawu. Na ture dutsen, na kafa ragar a bakin kafar na danne ta da bulo biyu. Ruwa ya yi ta bulbulowa ta rariyar nan da muka yi wata shida muna yi wa dariya. Kafin a ɗauke, wurin ya tsane. Na tsaya jiƙe sharkaf ina kallon rabin bulon da hannun Modu ya tsallake.

Kwana biyu bayan haka, da safe, Hajiya ta fita shanya. Ita ta fara ganinsa. Da na iso, Alhaji yana tsugune a bakin ƙofar ragar, bai ma ji sallamata ba. Kansila yana kan dutse mafi tsawo yana shan hantsi, ya rame, fatarsa ta yi laka, guntuwar jelar nan tana reto. A gindin duwatsun ga sabon rami da jar ƙasa a bakinsa. Ya dube mu ya zaro harshe, kamar mu ne muka makara.

Aka aiko da ƙwai biyu daga cikin gida a kan faifai. Alhaji ya ce, “Na wa?” Aka ce Hajiya ta ce na Kansila ne, amma kada ya saba.

Ranar Juma'a da safe na je wurin mai shayi. Labari ya riga ni. Alhaji ya zo, abin da ba ya yi, ya zauna a kan bencin da Modu yake zama. Ya ce shi alƙali ne, ya zo a cika sharaɗi. Na miƙe tsaye na cire hula na ce, “Babarbare ne ubangidana.” Aka yi dariya, wani direba ya ce bai ji ba, motar da ta wuce ta hana shi. Na ƙara ɗaga murya na ce, “Babarbare ne ubangidana.” Aka sake dariya. Na buɗe baki zan yi na uku, sai na ga ina jiran muryar da za ta ce, “Da kyau, ɗan Fulani, je ka wanke mini cokali.” Na mayar da hulata na zauna. Ba wanda ya ce in ƙarasa. Mai shayi ya turo mini kofi.

Ga abin da na koya, ku riƙe wanda zai amfane ku. Kada wani ya ce Buba ya halatta gobe. Wanda ya ce wa mai aiki gobe alhali yana iya yi yau ya ci amanarsa, kuma ni ma sai da na nemi afuwa. Abin da nake so ku gane shi ne bambancin aikinmu. Ƙarfe in ka yi kuskure kana iya yankewa ka sake haɗawa. Siminti in ya kama ya kama. Saboda haka duk wanda zai rufe wani abu da ba ya buɗuwa, idan zuciyarsa tana shakka, ya dakata, ko da ana yi masa dariya a wurin mai shayi. Modu bai fi mu sanin inda damon yake ba. Ya dai ƙi ya yi aiki kamar ya sani. Sannan ku daina raina abin da tsofaffin magina suke yi ba tare da sun iya ba da dalili ba. Rariyar nan ta ja masa suna, ita kuma ta fitar da ruwan. Abokin aiki kuwa, ku tsokane shi iya son ranku yana gabanku. Ranar da ba ya nan, maganarsa a hannunku take.

Kajin Hajiya an yi musu wuri a ɗaya gefen gidan, ƙarafunan da na haɗa ba su yi asara ba. Kansila ya yi damina ya mayar da ƙibarsa, yanzu haka ya sake nutsewa, ba wanda ya tayar da hankali. Alhaji ya yi mini maganar ragar sau da yawa, ya ce ga magina nan ko'ina, aikin bai fi cokali biyu na siminti ba. Nakan ce masa gobe, shi kuma ba ya ɗaga murya.

Ragar tana nan a bakin rariya, bulo biyu ne suke riƙe da ita. Har yau ba a kama ta ba.